Na Hana Shi Zaƙi, Na Rama Masa da Gishiri

Safana,
Talata, bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Ƙarami,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da sauka. Ina fata ka isa Yasore lafiya, ka sami ɗakin da suka ce za su ba ka kusa da asibitin, kuma mutanen garin sun karɓe ka hannu biyu. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga mugun ji da mugun gani, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Garin kunu da yaji suna ƙasan buhunka. Yajin za ka ji shi lami, da gangan na yi, kada ka yi tsaki.

Na san da ka buɗe jakar na'urar awon jinin da na ba ka, ka ga takarda a ciki, sai da gabanka ya faɗi. Da gaskiyarka. Shekararka ashirin da bakwai a duniya, ban taɓa zaunar da kai na yi maka maganar da ta wuce "ka ci abinci?" ba. Kai ne ɗan fari, ni kuma a ruga na tashi, inda uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido. Shi ya sa kake ce mini Adda kamar yadda ƙannena suke faɗa, ni kuma na laƙaba maka Malam Ƙarami na huta. Da baki ba zan iya abin da zan yi yanzu ba. A waya kuwa ya fi muni, ina jin muryarka zan ce a gaida mutanen gari in kashe. Biro ba ya kallona, shi ya sa na ɗauke shi.

Bari in fara da mai nauyin, don in na bar shi sai ƙarshe ina iya fasawa. Ka san ina da ciwon suga shekara huɗu ke nan. Abin da ba ka sani ba, wata uku ke nan in na tashi zuwa gidan Gwaggonka, kafin in kai bakin masallaci sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, numfashi ya yi mini wuya, sai na tsaya na yi kamar ina gyara mayafi. In na huta ya sake ni. Kai ma'aikacin lafiya ne yanzu, ba sai na fassara maka ba. Kullum da safe ka gaishe ni in ce lafiya lau. Ƙarya nake yi maka.

Zan dawo kan wannan. Amma ba za ka gane yadda macen da ta yi shekara talatin tana aikin asibiti za ta zauna da irin wannan a ƙirji ta yi gum ba, sai na ba ka labarin ɓarnar da na yi a aikin nan da kake shirin farawa. Halina ka ɗauko, ba na mahaifinka ba. Kana da kunya, ba ka son ɓata wa babba rai, kuma wannan halin ne ya kai ni inda nake.

Lokacin da aka kai ni ƙaramin asibitin da ke wajen garin Zakka, masu suga ba su da yawa, ko kuma dai mu ne ba mu san su ba. Da aka kawo mana ɗan abin gwajin nan da ake soka yatsa, sai na ɗauki kaina wata babbar likita. In soka, in ɗiga jini, lamba ta fito, in rubuta a kati. Lamba ta yi kyau in yi murmushi, ta yi sama in yi faɗa. Iyakar aikina da mai suga ke nan. Ga na'urar awon jini a kan tebur, amma a kaina ta masu ciki ce, sai ranar awo nake kwance ta.

Akwai wani dattijo makiyayi, Baffa Sale, daga wata ruga gabas da garin. Dogo ne siriri, kullum da sanda a kafaɗa. Duk wata yana zuwa gwajin suga, bai taɓa saɓawa ba. Da yake ni ma 'yar Fulani ce, sai mu tsaya gaisuwa ta kai ta kawo: ina gida, ina shanu, ina ruwa, ina gajiya. In na ce, "Baffa, yaya jikin?" sai ya ce da Fillanci, "Jam tan, lafiya lau, ɗiyata. Da sauƙi." In soka yatsa, suga lafiya lau, in ce, "Madalla, Baffa, kana ƙoƙari." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Shekara biyu muna haka.

Wata safiya aka kawo shi a amalanke, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki. A ranar na fara ɗaura masa na'ura a dantse. Ɗari biyu da goma bisa ɗari da ashirin. Matarsa tana tsaye a gefe ta ce, "Ai tun bara ya daina bin shanu zuwa rafi, sai dai ya zauna gindin kanya. Kuma kullum da ciwon ƙeya yake tashi."

Na ce, "Me ya sa bai faɗa mini ba?"

Ta dube ni ta ce, "Kin tambaye shi?"

Ni da na tashi a ruga na fi kowa sanin cewa dattijon Bafulatani ba zai buɗe baki ya gaya wa sa'ar ɗiyarsa yana jin ciwo ba, ko wuta ce ke cinsa. Na sani sarai, amma na riƙa karɓar amsar gaisuwa ina rubutawa a kati kamar bayanin ciwo. Shekara uku ya yi a kwance ana juya shi, mutumin da ƙafarsa ta san kowane daji a ƙasar nan, kafin Allah Ya karɓi abinsa.

To, gaisuwa daban, tambaya daban. Yi gaisuwarka cikakkiya, kada ka yanke ta, don in ka yanke za su ce yaron nan ba shi da tarbiyya, kuma ba za su dawo ba. Amma in an gama, kada ka tambayi jiki, tambayi aiki. "Baba, har yanzu da ƙafa kake zuwa gona? Sau nawa kake tsayawa a hanya? Damin da ka ɗauka bara, bana kana iyawa?" Mutumin da ba zai ce ƙirjinsa na ciwo ba zai gaya maka ya bar noman gonar nesa. Kuma duk mai sugan da ya shigo ɗakinka, ko ƙaya ce ta kawo shi, sai ka auna jininsa. Bar shi ya zauna ya huce tukuna, kada ka ɗaura masa yana haki daga hanya, kuma zuwan farko ka auna hannu biyun. Kada sirantaka ta ruɗe ka, Baffa Sale ko alamar tumbi ba shi da ita. Tambaye shi ko yana shan sigari, in ya ce a'a ka ce garin taba fa, don dattawanmu ba sa lissafa na baki a cikin taba. Tambaye shi abin da ya yi ajalin iyayensa da 'yan'uwansa. Sa shi ya cire takalmi ka taɓa jijiyar ƙafa ka ji ko tana bugawa. In kana da tsinken gwajin fitsari, duba ko ƙoda ta fara yoyo. Suga ba a yatsa yake ɓarnarsa ba, jijiyoyi yake ci a hankali. Masu sugan da na rasa a hannuna, zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ce ta tafi da su, lambarsu tana nan da kyau a kati.

Bayan Baffa Sale na koyi ɗaura na'ura, sai kuma na faɗa wani ramin. Hansai mai ƙuli-ƙuli 'yar garin Karare ce, aure ya kawo ta wajenmu. Mace mai fara'a da surutu, in ta shigo asibiti sai kowa ya san ta zo. Tana da suga, na auna na sami jininta ya hau, na ba ta maganin wata guda. Ta riƙe ƙwayoyin a tafin hannu ta ce, "Malama, in na shanye waɗannan shi ke nan na warke ko?" Na san amsar. Amma ka san mu, ba a gaya wa mutum ciwonsa ba ya warkewa, sai a ce ka yi masa mugun baki. Sai na ce, "In Allah Ya yarda." Ta shanye ta dawo, jini ya sauka, ta rangaɗa guɗa a tsakar asibiti. Ba ta sake karɓar magani ba, ni kuma ban bi sawu ba. Bayan shekara ɗaya da rabi ta faɗi a gaban kaskon suya. Ta rayu, amma harshe ya tafi. Matar da ba ta iya shiru ba ta koma sai nuni da hannu. Abin da ya fi ci mini rai, in ta gan ni a hanya sai ta yi mini murmushi da rabin baki, ta ɗauka ni mai taimakonta ce.

"In Allah Ya yarda" gaskiya ce, amma ni ɓuya na yi a bayanta. Gaya musu a fili tun ranar farko cewa wannan magani ba na warkewa ba ne, na riƙewa ne kamar turke, in an cire shi dabba ta tafi. Za su ɓata rai, wata ma ta ce maka Allah Ya sawwaƙe, ta tashi a fusace. Bar ta ta faɗa, gobe ka sake gaya mata. Ware littafi na sunayen masu suga, wanda bai zo a watansa ba ka aika, ka yi cigiya a masallaci, ka yi a kasuwa. Kuma zamaninka ya fi nawa wuya. Hanya takan rufe mako biyu saboda 'yan bindiga, ƙauye ya tashi, mutum ya koma Batsari gidan dangi da kayan jikinsa kawai, ya baro maganinsa rataye a jinka. Wanda aka kore wa shanu, ba barci ba kwanciyar hankali, kada ka yi tsammanin jininsa zai zauna wuri ɗaya. In akwai, ba mutum na wata biyu, ka rubuta masa sunan maganin a takarda ya sa a aljihu, duk inda ya faɗa ya nuna. Kafin azumi ka zauna da kowannensu ku tsara lokutan sha, in ba haka ba za su ajiye magani wata guda cur su ce ai ibada suke.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Sau biyu na ajiye biron nan na je na duba awaki, ba don suna bukatata ba.

An gaya maka mahaifinka farat ɗaya ya rasu, ko ciwon kai bai yi ba. Haka masu ta'aziyya suka yi ta faɗa, "Allah sarki Malam, mutuwar mutanen kirki," ni kuma ina zaune cikin takaba ina gyaɗa kai. Da ka iso daga makaranta an riga an kai shi makwancinsa, haka na sa Gwaggonka ta gaya maka. Ba haka aka yi ba.

Shekara tara Malam ya yi da suga, kuma har alfahari nake yi da yadda na riƙe shi. Ka tuna yadda na kori sukari daga gidan nan. Shayinsa ba sukari, kunu ba sukari, fura ba zuma, dabino ɗaya tak a buɗa-baki, ga shi mutum mai son zaƙi kamar ƙaramin yaro. Bai taɓa musu ba, sai dai ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska ya ce, "Malamar asibiti, wannan ai horo ne." Tausayinsa ya kama ni. Sai na ce a raina, tunda na hana shi zaƙi, bari in rama masa ta wani wajen. Miyarsa daban nake zubawa, in ƙara gishiri, in marmasa dunƙulen magi biyu a kai, in kwarara man shanun da 'yan'uwana ke kawowa daga ruga har sai ya taso saman tuwo. Ranar kasuwa in aika a sayo masa tsire, in ce a zaɓo mai kitse. Yajinsa rabi gishiri ne. Da hannuna nake zubawa, ina jin daɗi, ina ganin kula ce nake yi. In ya ci ya wanke hannu ya ce, "Allah Ya yi miki albarka," sai in ji kamar an ba ni duniya.

Sugansa nake gwadawa duk Juma'a, don abu ne mai sauƙi: yana duba littafi zai miƙo mini yatsa, ko kai ba ya ɗagowa. Awon jini kuwa sai ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya zauna shiru ba magana, ga dattawan da ke ɗaukar karatu suna jira a zaure. Sau ɗaya na kawo na'urar, wannan da ke hannunka yanzu. Ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Ni ma ciki gare ni? Kai wa masu awo abinsu." Na yi dariya na mayar da ita jaka. Ban sake ba. Nauyi nake ji in tsaya a kan mijina, malamin unguwa guda, in ce tuɓe. Baƙi a asibiti ina yi musu tsawa su naɗe hannu, nawa na gida na kasa. Shekara tara na'urar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, taku biyar daga inda yake zama. Kuma duk wannan bayan Baffa Sale ne, bayan Hansai. Ba ni da uzurin rashin sani.

Sau uku ya gaya mini. Na farko a farkon kaka, ya dawo daga gona ya zauna a dakali yana dafe da ƙirji, ya ce, "Ƙwannafi ke damuna kwanan nan in na yi tafiya." Na ce yaji ne, na ba shi farin maganin nan na olsa. Na biyu ya ce mini ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, sai ya hau mashin. Na ce tsufa ne ya zo, har na tsokane shi na ce in saya masa sanda. Na uku yana saka hula zai fita zaure, ya tsaya ya ce, "Abin nan fa har a muƙamuƙi da hannun hagu nake jinsa." Wallahi a wannan karon na gane. Na san abin da aka koya mana. Na san mai suga sau da yawa zuciyarsa ba ta yi masa ciwo mai tsanani, sai ta zo da ƙwannafi, ko haki, ko zufa, ko gajiya kawai. Amma tsoro ya hana ni. Gani nake in na auna na ga abin da idona, ya zama gaskiya. Na ce, "Bari a gama ɗaurin gero sai mu je Katsina a duba." Ya ce, "To."

Ba a gama ba. Ranar Lahadi da hantsi ya sallami masu karatu, ya shigo tsakar gida zufa sharkaf, ga shi an fara sanyi. Ya zauna a tabarma ya ce, "Ba ni ruwa." Na kawo, ya kasa riƙe kofin. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗauko abin naki yanzu." Na ruga na ciro na'urar daga ƙusa, na ɗaura masa. Ina matsa roba ina saurare, ba abin da nake ji sai bugun tawa zuciyar. Kafin a samo mota ya cika, kansa a cinyata, abin awon yana ɗaure a dantsensa. Ni na kwance shi kafin maza su shigo, na tura ƙarƙashin gado don kada kowa ya tambaya.

Na yi imani ajali ba ya wuce sa'arsa, kuma ko sau dubu na auna shi, in kwanansa ya ƙare ya ƙare. Amma ba ajalinsa za a tambaye ni ba, abin da aka ba ni sani a kai na yi shiru za a tambaye ni. Shekara shida ina kwana ina tashi da wannan. Ka rasa uba kana shekara ashirin da ɗaya, ni kuma na hana ka sanin yadda aka yi. Ka yafe mini. Kunya nake ji, baƙin ciki nake ji, kuma har yau in na ɗebo gishiri sai hannuna ya tsaya a bakin tukunya.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Namiji mai suga ba shi ke girki ba, kira mai girkin. In ba za ta iya zuwa ba, nemi izini ka je zauren gidan, ko ka haɗa ta da abokiyar aikinka mace. Kada a tsaya kan sukari kaɗai, don duk gidan da ka hana zaƙi ka yi shiru, za a rama da gishiri da mai, kuma ƙauna ce za ta sa, ba mugunta ba. Kada ka ce mata "a daina" kawai ka bar ta da miya salam, gaya mata abin da za ta sa a madadi: daddawa, tafarnuwa, citta, albasa, ɗan tsami. A yawaita zogale da rama da wake. Man shanu cokali ɗaya, ba ludayi ba. Dunƙule a rage, kanwa a rage, a daina ajiye gishiri kusa da kwano. Wanda aikinsa zama ne, malami ko mai tebur ko matar da ba ta fita, ka nema masa dalilin tafiya kullum, ko zagayen tsakar gida ne. Duk mai sugan da ya haura arba'in, rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a duba kitsen jininsa da ƙodarsa, likita ya ga ko za a ɗora shi kan maganin rage kitse. Mahaifinka har ya koma ga Allah ba a taɓa yi masa wannan gwajin ba. In mai suga ya ce maka ƙwannafi, tambaye shi bayan cin abinci yake zuwa ko in ya yi tafiya. In da tafiya ne, kuma hutu na sauke shi, kada ka ba shi farin magani, kada ka jira a gama girbi, tura shi a ranar.

Sai manya. Za ka haɗu da liman, da mai gari, da malamin da kowa ke cire takalmi kafin ya gaishe shi. Za su yi maka raha irin ta mahaifinka don su kauce. Durƙusa ka gaishe su yadda ya kamata, ka yi dariyar rahar, sannan ka ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka a naɗe hannun riga." Ka tsaya da na'urar a hannu har sai an naɗe. In ya sake wata rahar ka sake dariya, ka ci gaba da tsayuwa. Girmamawar da ke hana taɓa dantsen mutum ni na yi ta, na ga inda ta kai ni.

To, na dawo kaina. Makon jiya na rufe ɗaki na ɗaura wa kaina na'urar, na ja maɗaurin da haƙori don hannu ɗaya ba ya iyawa. Ɗari da saba'in da biyar bisa ɗari da biyar. Na huta na sake, haka. Ka ga ni ɗin nan da ke zuba maka wa'azi, sai na mayar da ita jaka na je na ɗora tukunya. Na sayi ƙwayoyi a kemis ina sha a ɓoye, yau in sha gobe in manta. Asibitin garin nan kuwa rabin waɗanda ke ciki ni na koya musu ɗaura na'ura, nauyi nake ji in je in zauna a benci in ce musu na yi sakaci. Gwaggonka ta lura ina tsayawa a hanya, na ce mata takalmi ne ke matsa mini. Duk abin da na ce kada ka bari a yi maka, ni nake yin sa, kuma a gabanka.

Tsoro nake ji, Malam Ƙarami. Ina tsoron in kwanta ana juya ni, ƙannenka mata biyu ba su gama makaranta ba. Ina tsoron a kira ka a waya a ce maka farat ɗaya ne, ka yarda.

Na yi tunanin in hana ka tafiya, na ga ba daidai ba ne, mutanen can sun daɗe ba su da ma'aikaci. Kama aikinka, ka sa hannu a san ka zo. Amma ni na ce maka a tura mutum a ranar, don haka ba zan ce ka jira hutun ƙarshen wata ba. Gaya wa na gaba da kai abin da ake ciki, ka dawo cikin makon nan, da safe, bayan ka tambayi lafiyar hanya. Ka kai ni Katsina a yi mini gwajin zuciya da duk sauran da ban kai mahaifinka aka yi masa ba. Katina da ƙwayoyin da nake sha na riga na ɗaure su a ɗankwali. Na daina tafiya mai nisa, na daina ɗaukar ruwa. In abin ya zo mini ina zaune kafin ka iso, na yi maka alkawari zan aika wa Gwaggonka a nemo mota nan take.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka san ni, in ka zo zan koma yadda nake. Zan sunkuyar da kai in ce wa ya kira ka, in ce zafin zuciya ne ya sa na rubuta takardar, yanzu na ji sauƙi. Ina ma iya yi maka faɗa a gaban ƙannenka in ce ka baro aikin mutane. Kada ka saurare ni. Tun kana yaro a bakin ƙofa kake durƙusawa ka gaishe ni, labule tsakaninmu, ka tashi ka tafi, kuma ni na koya maka hakan. Wannan karon ɗaga labulen ka shigo. Zan juya fuskata bango, amma zan miƙo maka hannun.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda ka taɓa, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni ban samu ba. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe mini abin da na gaza. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare maka hanya gaba da baya. Ya kawo mini kai lafiya, Ya sa ka same ni.

Wassalam.

Mahaifiyarka.